SHARHI: Daga Talata Mafara zuwa Jos, bikin Kirsimeti ya koma lissafin hanya

Duk wanda ya leƙa tashar motar Talata Mafara a mako na uku na watan Disamba zai ga wasu matafiya da ba a cika lura da su ba a sauran watanni: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu yi wa ƙasa hidima, iyalan 'yan sanda, masu shagunan magani da na kayan gyaran mota. Wasu a cikin garin suke zaune, wasu kuma daga Bakura da Maradun suka zo. Kowa da tsarabarsa, shinkafar Bakolori ko wake ko albasa, wani ma har da akuya a ɗaure. Akwai masu zuwa Kudu, akwai 'yan Kudancin Kaduna, akwai kuma waɗanda suka nufi Filato domin yin Kirsimeti a gida.

Turawa na alfahari da Kirsimetin dusar ƙanƙara a tsaunukan Siwizalan. Namu na hazo ne, kuma a Arewa babu inda ya kai Jos suna a wannan fanni. Birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere na gabashinsa sun fi haka tsawo, shi ya sa sanyin hunturun can ke sa baƙo neman bargo biyu. Wannan sanyi ne ya zaunar da Turawan haƙar kuza da 'yan mishan, shi ne kuma yake jan iyalai daga Abuja da Kano da Legas a ƙarshen shekara.

Abin da matashin Zamfara da bai taɓa zuwa ba zai yi mamakinsa shi ne yawancin bikin da Hausa ake yin sa. An buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa tun 1932, kuma manyan ɗarikun COCIN da ECWA, waɗanda hedikwatarsu ke Jos, har gobe da Hausa suke wa'azi da waƙa a majami'u da dama, domin ita ce ke haɗa Berom da Ngas da Mwaghavul da Ron da Irigwe. Matan zumunta kan fito da anko suna kaɗa tukwane. Yara kan sa sababbin kaya su shiga gida-gida suna gaisuwa, tamkar yawon Sallah. A dafa shinkafa, a soya nama da cincin, a yi gwaten acha, a aika wa maƙwabci Musulmi da kwano, shi ma ya rama da naman layya idan lokacinsa ya zo. Washegari a kwashi yara zuwa gidan namun daji ko bakin ruwan Rayfield.

Amma duk wannan na birni ado ne. Asalin bikin a ƙauye yake. A Disamba ake ɗaura aure, a yi taron ƙungiyoyin raya gari, a sasanta rigimar gado, jikoki su ga kakanni. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar nan ce yanzu take cikin haɗari.

Mu bi hanyar. Daga Talata Mafara sai Maru, Bunguɗu, Gusau, sannan Tsafe, 'Yankara, Funtuwa, Giwa, Zariya. Daga nan a karkata Pambeguwa da Saminaka kafin a hau tudun Jos. Direbobi sun san inda ake riƙe numfashi, musamman tsakanin Gusau da Funtuwa, inda 'yan bindiga suka sha tare hanya su kwashi matafiya zuwa daji. Tafiyar dare ta zama tarihi. Ana jira gari ya waye sosai kafin a tashi, ana kuma gaggawa a wuce wasu wurare kafin la'asar. Ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. A Disambar wannan shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da rangwamen rabin kuɗin mota a wasu manyan hanyoyi da jirgin ƙasa kyauta, amma malamin firamare na Bakura ƙaramar motar haya yake hawa, babu jirgin ƙasan da zai kai shi gida.

Idan Allah ya kai shi lafiya, sai fargaba ta biyu ta fara. A jajibirin Kirsimetin 2010 bama-bamai sun tashi a unguwannin Kabong da Angwan Rukuba a Jos. Daga 23 zuwa 25 ga Disamban 2023 mahara sun afka wa ƙauyuka da dama a Bokkos da Barikin Ladi, suka kashe fiye da mutum 140, alƙaluman wasu jami'an yankin ma sun kai kusan 200. An zaɓi ranakun da ƙauye ya cika, ɗan birni ya dawo, tukunya na kan wuta. Rundunar Operation Safe Haven ta shekara fiye da goma a jihar a lokacin, duk da haka aka kwana ana ɓarna.

A ƙarshen 2024 Gwamna Caleb Mutfwang ya shirya gagarumin taron waƙoƙin Kirsimeti na haɗin kan Filato a Jos ta Kudu, tsofaffin shugabanni Yakubu Gowon da Olusegun Obasanjo suka halarta. Ban ga laifin taron ba. Jihar da ke kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido tana da hujjar neman dawo da sunanta. Sai dai tsare fili ɗaya na kwana uku aiki ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne tsare ƙauyen da ke nesa da kwalta, inda babu kyamarar talabijin.

Wannan wahala ba baƙuwa ba ce ga mutanen Zamfara ta yamma. Disamba lokacin kaka ne, lokacin da manomi a Maradun ke biyan ɗan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa. A shekarar 2021 kaɗai an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, an kwashi ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba, har aka katse layukan waya a jihar. Abin takaicin, waɗannan ƙananan hukumomi uku kowace ta haifi gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Shekara ashirin ke nan a tsakaninsu. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, amma har yanzu matafiyi da addu'a yake barin tasha.

Tun da Shugaban Amurka Donald Trump ya sake sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025, muhawara a Facebook da X ta koma gasar ƙirga gawa: wannan ya kawo hoton Bokkos, wancan ya mayar masa da na Maradun. Ba zan ce addini ba ya cikin lamarin ba, domin yin haka ƙarya ce. A nan Talata Mafara an kashe mutum takwas a Agustan 2016 bayan zargin ɓatanci da ya samo asali daga kwalejin kimiyya ta Abdu Gusau. A hanyar Rukuba da ke Jos kuma an kashe matafiya Musulmi fiye da 20 ranar 14 ga Agustan 2021 suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi. Kowane ɓangare na da tabonsa. Amma ma'aikaciyar jinyar da ke karɓar haihuwa a Bakura, wadda mahaifiyarta ke Bokkos, tana ɗauke da fargabar duka biyun a tafiya guda, kuma masu wannan gasa ba su da gurbin da za su ajiye ta.

A nan ne abin ya shafi Bazamfare kai-tsaye. Makarantu da asibitocin yankin sun daɗe suna cin moriyar ma'aikata daga wasu jihohi. Duk Kirsimeti, bayan an ci an sha, iyali kan zauna a yi wa mai aiki a Zamfara tambaya ɗaya: dole ne ka koma? Mai yi wa ƙasa hidima na da damar neman canjin jiha saboda tsaro. Mai shago na iya kwashe jarinsa ya koma Lafiya ko Abuja. Malamar lissafi na iya samun makarantar kuɗi a Bukuru, ko da albashin bai taka kara ya karya ba.

Idan aka koma makaranta a Janairu, akwai aikin da ke jiran 'yan majalisar dokoki masu wakiltar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Su nemi ma'aikatun ilimi da na lafiya su kawo musu rajistar ma'aikata ta farkon Disamba da ta ƙarshen Janairu, makaranta bayan makaranta, asibiti bayan asibiti, a karanta a zauren majalisa a ji mutum nawa suka tafi Kirsimeti, nawa suka dawo.