Kafin ka haɗa faifan ajiya su zama rumbu ɗaya

1/ Masu turin finafinai, masu ɗaukar bidiyon biki da masu shagon kwamfuta na Ƙofar Kwaya, ku matso. Haɗa faifan ajiya biyu ko uku su zama rumbu ɗaya a kwamfuta abu ne mai burgewa, amma idan ba a san kansa ba, ganganci ne. 🧵

2/ Abin da sauƙi. Tun Windows 8 akwai Storage Spaces: ka jona faifai biyu masu terabait 1 kowanne, ka zaɓi Simple, sai ka ga rumbu guda mai terabait 2. Ka huta da laluben wane fim ne a wane faifai.

3/ To ga inda gizo ke saƙar. Tsarin Simple, kamar RAID 0, yana daddatsa fayil ne ya rarraba a faifan duka. Ɗaya ya mutu, rumbun gaba ɗaya ya tafi, har da abin da ke kan mai lafiyar. Gutsattsarin da suka rage ba za su buɗe ba.

4/ Kuma ku tuna inda muke. Ana ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga faifan na hannu da ba ka san shekarunsa ba. Ka haɗa irinsu uku, ka kusa ninka haɗarin sau uku kenan.

5/ Mafita ita ce Two-way mirror, wato RAID 1. Duk abin da ka ajiye ana rubuta shi a faifai biyu. Ɗaya ya lalace, aiki na ci gaba, ka sauya shi. Farashin: terabait 2 ya koma 1. Mai faifai uku zai iya zaɓar Parity, ya sadaukar da girman guda ɗaya.

6/ Wani zai ce, “Malam, faifai da tsada, in yi asarar rabi?” Gaskiyarka. Shi ya sa za ka tantance. Fim ɗin Indiya ko Izzar So ana iya sake samowa, sa su a Simple ba laifi. Amma bidiyon kamun amarya ko furojet ɗin ɗalibi? Ba a sake biki don faifanka ya mutu.

7/ Ko RAID 1 ɗin ma bai isa ba. Ka goge fayil bisa kuskure, ko bairos ya shiga, ɓarnar ta shafi faifan biyu nan take. Dole ka ajiye wani kwafi daban, a faifan da ba ya jone, kuma ba a shago ɗaya ba.

8/ Gargaɗi na ƙarshe: ƙirƙirar rumbun yana share duk abin da ke kan faifan. Kwashe kayanka tukuna, kuma in da hali ka sa UPS.

9/ Kayan mutane amana ne. Tura wa mai shagon da kake kai wa aiki, ka tambaye shi: kwafi nawa yake da shi na hotunanka?