Raddi ga Masu Jingina Ceton Amurkawa Shida na Tehran ga CIA Kaɗai

Tun da majigin Argo ya fito a 2012, wani ra'ayi ya bazu, har wasu ma'abota ilmi suka karɓe shi ba tare da tahƙiƙi ba, cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita kaɗai ta kuɓutar da ma'aikatan jakadanci shida da suka sulale sa'ad da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran ranar 4 ga Nuwamba 1979, suka tsare mutum 52 har kwana 444. Da yake tauye haƙƙin mai alheri zalunci ne ko a tarihin wace al'umma, ya wajaba a auna hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Da'awarsu ta farko ita ce wai Kanadiyawa masauki kawai suka bayar. Jawabi shi ne, masauki a irin wannan hali shi ne tushen al'amarin, domin jakadan Kanada Ken Taylor da jami'in shige da fice John Sheardown, tare da matansu, sun ɓoye mutanen nan a gidajensu fiye da wata biyu, a birnin da ake farautar duk mai alaƙa da ofishin Amurka, alhali suna sane da cewa in asiri ya tonu, alfarmar jakadanci da ba ta kare Amurkawa ba, ba lallai ta kare su ba. Tony Mendez kuwa, jami'in CIA, bai iso Tehran ba sai ana saura 'yan kwanaki a fita. Duk da haka majigin bai ko ambaci Sheardown ba, wanda huɗu daga cikin shidan a gidansa suka zauna.

Ta biyu, suna cewa dabarar ɓad da kama, wato kafa kamfanin majigi na bogi mai suna Studio Six da tallata shi a jaridun Hollywood, ita ce ta fitar da su. Ba mu musun hikimar Mendez ko jarumtakarsa, amma abin da ma'aikacin filin jirgin Mehrabad na Tehran ya riƙa a hannunsa ranar 28 ga Janairu 1980 fasfo ne na Kanada na haƙiƙa, wanda gwamnatin Joe Clark ta yi izinin bayarwa a asirce ga waɗanda ba 'yan ƙasarta ba. Hatta kuskuren kwanan wata da ke cikin bizar da CIA ta ƙirƙira, wani jami'in Kanada mai karanta Farisanci ne ya gano shi aka gyara. Bayan haka Kanada ta rufe ofishinta a ranar, ba ta sake buɗe shi ba sai 1988, wannan kuwa asara ce da ta ɗauka da gangan.

Ta uku ƙazafi ce tsagwaronta, wai Ingilishi da mutanen Niyu Zilan sun kore su, alhali jami'an Ingila na cikin waɗanda suka fara ba su mafaka, na Niyu Zilan kuma suka taimake su, har majalisar Niyu Zilan ta nuna ɓacin ranta kan majigin a 2013.

Idan hujja ta ƙare musu, sai su ce ai majigi ne, ba littafin tarihi ba. Wannan uzuri ya isa ga tseren motoci a bayan jirgi da majigin ya nuna, wanda bai auku ba, tunda cikin lumana suka hau jirgin Swissair zuwa Zurik. Amma bai isa ga ɗauke yabo daga mai shi a ɗora wa wani ba, har ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shugaba Jimmy Carter kansa, wanda a zamaninsa aka yi abin, ya shaida cewa kashi 90 cikin 100 na aikin na Kanada ne, shaidar da ta fi kowace nauyi tunda ba ƙasarsa ta fifita ba.

Hukuncin adalci dai shi ne, Kanada ce ta ɗauki amana ta kuma sauke ta, CIA ta taimaka a ƙarshe. Wajibi ne mai ba da wannan labari ya jera su a kan wannan tsari.