Lemo yana da garkuwarsa, mu ne muke fasa ta

Da yawa cikin masu shirin fara kiwon kaji da kifi suna son dasa lemo a gefen gona, tunda ga kashin kaji ga ruwan kududdufi. Shawara ce mai kyau. Amma tambayar da ake yawan yi mini ita ce: wane magani zan fesa kada lemon ya yi funfuna bayan an tsinke? Ni a ganina ba daga nan ya kamata a fara ba.

Koriyar funfunar nan da ke cinye lemo, wadda masana ke kira Penicillium digitatum, ba ta iya huda lafiyayyen ɓawo. Sai ta samu rauni, ko da ƙanƙani ne kamar tsinin allura. Shi kuma ɓawon ba a zaune yake ba. A man ɓawon lemon tsami akwai sinadarin citral mai hana funfuna tsiro, ya fi yawa a ɗanye, yana raguwa idan lemon ya nuna ya daɗe a ajiye. Idan kuma aka ji wa ɓawo ciwo, yakan ƙera wani sinadarin, scoparone, ya kuma taurara bakin raunin. Matsalar ita ce wannan aikin yana ɗaukar kwanaki, funfuna kuwa ba ta jira.

To mu me muke yi? A kakkaɓo lemo da gora ya faɗo ƙasa, a danna a buhu, a jibga a mota tun daga Binuwai har 'Yan Lemo a Kano. Kafin ya iso duk ya ƙuje. Wane magani ne zai gyara wannan?

Ka yanke da almakashi, ka rage guntun karan sosai don kada ya soki na kusa da shi. Kada ka tsinka da raɓa. Ka zuba a kwando, ka ajiye a inuwa. In kana son ƙari, tsoma shi a ruwan bekin soda, giram 20 zuwa 30 a lita ɗaya, yana rage koriyar funfuna, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Magungunan kanti irin su imazalil suna aiki, amma a ƙasashe da dama funfunar ta riga ta saba da su.

Wanda ya ruɓe kuwa a cire shi nan take a binne, guda ɗaya yana watsa ƙurarsa ga kwando duka. Kuma don Allah kada a watsa wa kaji, ko a jefa a ruwan kifi.