Masu gidajen haya: ga tatsa, ina kiwo?

Duk wanda ya tara ƴan kuɗi a ƙasar nan, ɗan kasuwa ne a Maraɗi ko babban ma'aikaci a Yamai, shawara guda ake ba shi: ya sayi fili, ya gina, ya zuba ƴan haya. Shawarar ba ta da laifi. Wanda ya ga rushewar bankin BDRN a 1990, ya kuma ga ranar 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 dare ɗaya, ba zai sake amincewa da kuɗin da ke kwance ba. Gini ba ya narkewa kamar takarda.

Laifin yana ga abin da ke biyo bayan ginin. Mafi yawan masu gidaje sun ɗauka ranar da magini ya sauka daga kan rufi, aikinsu ya ƙare, sauran karɓa. Ga ɗakuna jere a fili guda, antire-kushe shida ko takwas, makewayi ɗaya, famfo ɗaya, kantar kuran ɗaya da ake faɗa a kanta kowane ƙarshen wata. Kwano ya yi yoyo, a ce wa ɗan haya ya gyara da kuɗinsa. Shadda ta cika, a ce Alhaji ya yi tafiya. Amma ranar biyar ga wata Alhaji bai taɓa yin tafiya ba. In ma ya yi, yaronsa na ƙofar gida tun da asuba.

A duba abin da ake nema ga mai shiga. A ɗauka ɗaki da falo ne na jika 25. Za a ce ya kawo na wata uku tun bai kwana ba, ya ƙara da wata guda na dillali, wanda aikinsa duka bai wuce nuna ƙofa ba. Jika ɗari ke nan, a ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi bisa doka ya tsaya kan sefa 30.047 tun 2012, sai a 2024 aka kai shi 42.000. Malamin lakkol da aka yi wa canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Damagaram, ina zai samo su in ba bashi ba? Kuma kuɗin ajiyar nan, da sunan amana aka karɓe su, ranar fita sai su zama kuɗin fenti, ko da bangon bai taɓa ganin fenti ba.

Masu gidaje suna da amsa, kuma ba duka ce ƙarya ba. A shekarun 1990, lokacin da gwamnati ke tara wa ma'aikata bashin albashi wata da watanni, su ne suka yi haƙuri da ƴan hayar da ba su da ko dala. Har yau akwai ɗan hayar da ke kwashe kayansa da tsakar dare, ya bar bashin ruwa da wuta. To amma a tuna yadda aka biya wancan bashin albashi. A farkon shekarun 2000, zamanin Tandja Mamadou, gwamnati ta ba ma'aikata filaye a madadin kuɗinsu. Da yawa ba su da abin aza tubali ko ɗaya, suka sayar da takardun da araha. Wa ya saya? Mai kuɗi a hannu. Yau ɗan wancan ma'aikaci yana biyan haya bisa filin da aka biya ubansa da shi. Wanda ya ci wannan riba bai kamata ya riƙa kukan an zalunce shi ba.

Abin mamaki, ƴan kasuwar da ke lissafin ribar buhun shinkafa har zuwa dala ɗaya, ba su yi wa gidajensu lissafi. Gidan da ya ci miliyan 10, ana biyan jika 50 a wata, yana kawo jika 600 a shekara. Sai ya haura shekara 16 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire lanho da gyara ba. In aka kori ɗan haya mai biya don kwaɗayin ƙarin jika biyar, gidan ya yi wata biyu a rufe, an yi asarar jika ɗari, wadda ƙarin ba zai mayar ba sai bayan wata ashirin. In aka ƙi sayen buhun siminti biyu don toshe tsaga kafin damina, bango ne gaba ɗaya zai kwanta. Ambaliyar 2020 da ta cinye unguwannin bakin kogi a Yamai, da ta 2024 da ta yi wa Maraɗi da Damagaram ɓarna mai yawa, sun nuna abin da ke samun ginin laka da aka yi a hanyar ruwa aka bar shi ba kulawa. Mai gida ya rasa jari. Wanda ke kwance a ciki, wani lokaci, ransa ya rasa.

Ita kuma hukuma ba ta fita ba. A watan Afrilu 1996 mulkin soja na Ibrahim Ba'are Mainasara ya fitar da doka mai lamba 96-016 a kan hayar gidaje. Shekara da shekaru aka ci gaba da ƙulla haya da fatar baki, ba takarda, ba rasit, rikici ya ƙare gaban mai unguwa ko a komisariya, inda mai gida ya fi sanin mutane. SONUCI, da aka kafa tun shekarun farko na mulkin kai don gina wa jama'a gidaje, abin da ta gina bai kai cikin cokali ba in aka gwada da yadda birane suka buɗe. An buɗe bankin gidaje a 2018, amma banki takardar albashi da ta fili yake tambaya, abin da mai tura baro da mai sayar da ƙosai ba su da shi.

A watan Oktoba 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin ɗari. Duk lokacin da siminti ya hau, masu gidaje kan aiko da saƙon ƙarin haya tun wata bai mutu ba, har a gidajen da aka gina shekara talatin da suka wuce. Da ya sauka, ƴan haya nawa ne aka ƙwanƙwasa wa ƙofa aka ce an rage musu ko da jika ɗaya?