Ra'ayinmu: Daga Kwalele Zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya

A hutun da ya wuce editan wannan mujalla ya je gida Kankiya, ya kuma kai ziyara Kusada wurin dangi. Can ya tarar da wani tsohon akwati na kawunsa, malamin firamare mai ritaya, cike da littattafan da gara ta fara taɓawa. Uku daga ciki ya zaɓa ya karanta, kuma su ne dalilin wannan ra'ayi namu.

Na farko shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951. Mu mutanen wannan yanki muna da haƙƙin yin alfahari da shi, domin Ingawa maƙwabciyar Kankiya da Kusada ce. Asalin labarin na Rasha ne, na jarumin nan Iliya Muromets, kuma Sarki Waldima da birnin Kib su ne Biladimir da Kiyef. Amma Malam Ahmadu ya sa masa riga da rawani har ya zama namu, ga shi kuwa sunan dokinsa Kwalele ya shiga bakin Hausawa. Aibinsa ɗaya a ganinmu, ƙarfi ne ke warware kusan kowace matsala, dabara ba ta samun babban rabo.

Na biyu shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Labarin yaro Kilba ne, wanda Kolin Koliyo ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Wannan littafi ya fi burge mu, domin ya nuna cewa harshen Hausa na iya ɗaukar zancen taurari ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Gaskiya ne wani lokaci marubucin kan koma hanyar tatsuniya, har mai karatu ya rasa ko kimiyya ake yi ko aikin aljanu. Duk da haka wanda ya fara share hanya ba a zarginsa don ya bar ƙaya nan da can.

Na uku ba ƙagaggen labari ba ne. Shi ne Ikon Allah, na Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1949, yana bayanin halittun duniya da Hausa mai sauƙi, wadda manomi zai ji ya gane. To, amma a lura, an rubuta shi ne tun kafin Rasha ta harba Sputnik a 1957. Ilmi ya yi nisa tun daga lokacin, littafin kuwa yana nan inda aka bar shi.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne wannan. Edita ya karanta wa yaran gidansu labarin Kilba da dare, sai wata yarinya 'yar aji biyar ta tambaye shi me ke sa tauraruwa yin wutsiya. Ya bayyana mata cewa dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, idan ya kusanci rana sai zafi ya sa ya riƙa fitar da iska da ƙura, hasken rana da iskarta su tura su baya. Da ta ce a nuna mata littafin da zai ƙara mata bayani da Hausa, sai edita ya yi shiru, domin ba shi da abin nunawa.

Wasu daga cikinmu kan raina irin waɗannan littattafai, su ce ƙarya ce da ɓata lokaci. Muna tuna musu cewa Jules Verne na Faransa ya rubuta labarin tafiya wata a 1865, shekara 104 kafin a je. Nijeriya ma ta sami tauraron ɗan'adam nata na farko a 2003, amma yaron Kusada bai da inda zai karanta yadda yake aiki da harshen uwarsa. Littattafan soyayya da na yaƙi sun cika kasuwa, ba mu ƙi su ba, sai dai na kimiyya ne suka yi ƙaranci ƙwarai.

Saboda haka muna kira ga 'yan Sashen Hausa da 'yan kimiyya su daina kallon juna daga nesa. Mai ilmi ya kawo ilminsa, mai harshe ya kawo harshensa. Wannan mujalla ta ware shafi biyu a kowace fitowa domin gajeren labari ko bayanin kimiyya da Hausa, muna jiran rubutunku. Kuma duk mai zuwa gida hutu ya tafi wa ƙannensa da littafi ko da guda ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tauraruwar Halley ta bayyana a 1986, za ta dawo a 2061. Muna fatan kafin nan yarinyar nan ta sami littafin da ta nema, ko kuma ita ce za ta rubuta shi. Allah ya sa mu dace, amin.

Edita