Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Game da Zomon Dajin Turai

Zuwa ga shugabannin Hukumar Tarayyar Turai masu kula da sha'anin noma.

Dalilin wannan takarda shi ne al'amarin zomon dajin ƙasashenku, wanda lissafin maharbanku ya tabbatar yana ta raguwa tun wajen 1960, zamanin da tsarinku na tallafin noma ya kafu a 1962, gonaki suka faɗaɗa, aka tumɓuke shingaye, maganin feshi kuma ya share hakukuwan da dabbar ke kiwo.

Wasu sun yi zaton haihuwa ce ta yi ƙaranci, amma masanan da suka ƙidaya tabon ciki a mahaifar zomaye sun iske galibi aibin ba nan yake ba, domin zomanya, cikin hikimar Mahalicci, takan haihu sau uku ko huɗu a shekara, cikinta kwana 42 ne, har takan ɗauki wani tun ba ta sauke na fari ba. Musibar a kan 'ya'yan take. Ba a rami ake haifarsu ba, a fili suke zuwa da gashinsu, ido buɗe, su yini lafe cikin ciyawa, uwar ba ta zuwa sai sau ɗaya bayan magariba, ta shayar da su 'yan mintoci ta tafi. To, nonon da zai riƙe jariri daga magariba zuwa magariba wajibi ne ya yi maiƙo ƙwarai, maiƙon kuwa a ganyayen nan da manomi ke kira haki uwar ke samunsa. Idan gona ta zama alkama ko masara zalla, sai nono ya raunana, sanyi da ruwan sama su halaka ɗan, wanda ya tsira kuma injin yankan ciyawa ya riske shi a kwance, gama ɗabi'arsa lafewa ce, ba gudu ba. Annobar hantar da aka fara ganewa a Suwidin a 1980 ta ƙara ta'azzara lamarin, amma ta tarar da raguwar ta riga ta yi nisa.

Saboda haka na yi baƙin ciki matuƙa da kuka janye, a 2024, sharaɗin da ya wajabta wa mai karɓar tallafi ya bar kashi 4 cikin 100 na gonarsa saura. Kukan manoma gaskiya ne, ba kuwa adalci ba ne a ɗora musu hasarar su kaɗai. Nasihata ita ce ku maido da saurar, ku biya manomi diyyarta cikakkiya daga baitulmali, sannan a bar gefen gonaki ba feshi ba yanka har watan Satumba, lokacin da zomanya ke gama haihuwar shekara.

Wassalam.