Ra'ayinmu: Fulogi Huɗu Ko Takwas a Motar Gudu ta Hawan Kullum?

Tun daga ƙirar 2015 kamfanin Ford na Amurka ya ajiye wa masu son Mustang zaɓin da har yau ake gardama a kansa: ƙaramin inji mai lita 2.3 da fulogi huɗu, wanda ake kira EcoBoost, ko kuwa babban V8 mai lita 5.0 da fulogi takwas na samfurin GT. A waccan shekarar ƙaramin na da ƙarfin doki 310, babban kuma 435. Jiki iri ɗaya, amma hali ya sha bamban.

Masu son babban inji suna da hujja, kuma ba ma raina ta. Ba don lissafi ake sayen motar gudu ba. Rurin V8 idan an taka totur, da yadda ƙarfinsa ke zuwa nan take ba tare da jiran komai ba, su ne abin da mutum ya biya kuɗinsa dominsu. Porsche ta ga haka a aikace: a 2016 ta mayar da Boxster da Cayman masu fulogi huɗu, masu saye suka yi ta ƙorafin cewa muryar motar ta mutu, har kamfanin ya dawo da inji mai fulogi shida a wasu samfuran. Akwai kuma batun lafiyar inji. Ƙaramin yana samun ƙarfinsa ne daga turbo, na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa don ta cusa ƙarin iska cikin inji. Tana ɗaukar zafi ƙwarai, ba ta yafe gurɓataccen baƙin mai ko jinkirin juye, ga shi ba kowane bakanike ne ya san ta ba. Babban inji kuwa aikin yau da kullum bai kai ya wahalar da shi ba.

Sai dai magana ce ta motar da za a hau kullum, a je aiki, a kai yara makaranta, a tsaya cikin cunkoso. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, ƙaramin injin na 2015 yana cin kusan kilomita 10 da rabi a lita ɗaya, V8 kuma kimanin 8. Da can mai motar a Kano ko Abuja zai iya kawar da kai ga wannan tazara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace shiga gidan mai tana tuna masa. Sannan ina zai kai doki 435? Iyakar gudun da doka ta yarje wa ƙananan motoci a babbar hanya kilomita 100 ne a awa, kuma ramuka da 'yan Keke Napep ba sa barin mutum ya kai nan a cikin gari. Doki 310 ma ya fi ƙarfin buƙata nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, gaban motar mai ƙaramin inji ya fi sauƙin nauyi, don haka ta fi bin sitiyari a kwana, abin da direba ke mora a kowace tafiya, ko da a hankali yake tuƙi.

Matsayinmu shi ne, wanda motarsa ke nan guda ɗaya ya ɗauki ƙaramin inji, bisa sharaɗi biyu: ya riƙe lokacin juye da baƙin mai na gaskiya, kuma idan 'yar Kwatano ce kada ya biya sai ƙwararre ya duba turbo da lagireto. V8 ta dace da mai wata motar ta zirga-zirga, wanda zai fito da ita ranar hutu kuma kuɗin mai bai dame shi ba.